Tambaya da Amsa kan Fasaha: In Sabar Kaduna da ta Zariya Suka Daina Jin Juna

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan yawancinsu daga masu kula da kwamfutocin ofisoshi suka fito, musamman waɗanda ke riƙe da sabobin da ake ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu a ciki, wato kundin da ma'aikatu da dama ke gudanarwa da Active Directory na kamfanin Microsoft. Na ware biyar daga ciki domin ciwonsu ɗaya ne ko da yake alamominsa sun bambanta, kuma kamar yadda aka saba, na cire sunayen masu tambaya da na wuraren aikinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfani da ke da babban ofishi a Kakuri, da reshe a Zariya da wani a Kafanchan, kuma kowane ofishi yana da tasa sabar kundin. Ranar Litinin na buɗe wa wata sabuwar ma'aikaciya asusu a nan Kaduna, amma har Laraba ta kasa shiga kwamfutarta a Zariya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani da aka sallama, wanda na rufe asusunsa tun makon jiya, an ga ya shiga da shi a Kafanchan. Sabobin duka a kunne suke, kuma in na aika musu ping, wato saƙon gwada ko saba na kan layi, suna amsawa. Ta yaya zan gane ko suna isar wa juna sauye-sauye? Daga mai karatu a Kakuri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka shiga sabar Kafanchan kai tsaye yau ɗin nan ka rufe asusun mutumin a can ma, domin kowace sabar kundi tana karɓar rubutu, ba sai ka jira hanya ta gyaru ba. Ka kuma bincika ko kwamfutar tafi-da-gidanka ya yi amfani da ita, saboda Windows tana tuna shigar mutum ta baya, tana kuma iya buɗe masa ko da ba ta sami saba ba.

Fitilar da ke ci a jikin saba da amsar ping ba su gaya maka komai game da abin da ke cikin kundin ba, kallon kitse ne ake yi wa rogo. Ka ɗauki ɗan kasuwa mai rumfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da wata a Sabon Garin Zariya, kowace rumfa da yaronta da littafin bashinta. Kowane yaro yana rubutu a nasa littafin, kuma kowane rubutu yana samun lamba ta gaba. In yaron Zariya ya zo kwafe, ba ya cewa a karanto masa littafin tun daga farko, sai ya ce rannan na tsaya a lambarka ta kaza, ba ni abin da ya biyo baya. Haka Active Directory ke aiki tun fitowarsa tare da Windows 2000: kowace saba tana ƙirga sauye-sauyenta da lambar da ake kira USN, kuma mai buƙata ita ke zuwa ta janyo, ba a tura mata. In hanya ta yanke, yaron Zariya ba ya rufe rumfa. Zai ci gaba da ba da bashi bisa tsohon littafinsa, har ga mutumin da aka riga aka soke a Kaduna. Wannan juriya da gangan aka gina ta, domin reshe ya ci gaba da aiki in layi ya katse, amma ita ce kuma ke sa matsala ta yi makonni ba wanda ya ji ƙararta.

Sai ka san jinkirin da ke halal kafin ka kira wani jinkiri cuta. Sabobin da ke cikin shiyya ɗaya, wato wuri ɗaya a tsarin kundin kamar ofishi guda, suna sanar da juna sauyi bayan daƙiƙa 15, da ratar daƙiƙa 3 tsakanin abokiyar musaya da ta gaba. Tsakanin shiyya da shiyya kuwa, tsarin asali shi ne kowane minti 180, kuma mafi ƙanƙantar abin da jadawalin ke karɓa minti 15 ne. Ke nan in Kaduna ce tsakiya, sauyin da aka yi a Zariya yana iya ɗaukar awa 6 kafin ya isa Kafanchan ba tare da wani abu ya lalace ba. Sauyin kalmar sirri yana da gata, domin ana miƙa shi nan take ga saba guda da ke riƙe da wani muƙami na musamman mai suna PDC Emulator, kuma duk sabar da aka ba kalmar da ba ta gane ba tana tuntuɓar waccan kafin ta ƙi. Buɗe sabon asusu da rufe tsoho ba su da wannan gata, layi suke bi. Amma daga Litinin zuwa Laraba ya wuce duk wani uzuri na jadawali.

Ka buɗe tagar umarni da ikon shugaba a kan sabar Kakuri ka rubuta repadmin /replsummary. Zai kawo maka jeri biyu, na sabobi a matsayin masu bayarwa da kuma a matsayin masu karɓa, kuma gaban kowace akwai lokacin da ya fi tsawo da ta yi ba a yi musaya cikin nasara ba, a ƙarƙashin kan da aka rubuta largest delta, sai adadin haɗin da suka gaza cikin jimilla, sai lambar kuskure. Wancan lokaci shi ne abin da na fi so ka zuba wa ido. A cikin shiyya ɗaya kana iya ganin kusan awa guda ba tare da matsala ba, domin in babu sauyi sabobin kan leƙa juna ne sau ɗaya a awa. Tsakanin garuruwa kuwa, ma'aunina shi ne in ya ninka tazarar jadawalin sau biyu in fara bincike, in ya haura awa 24 kuma in ajiye duk wani aiki. Kada ka tsaya a tsakiyar rahoton: sabar da umarnin ya kasa kaiwa gare ta sam, a can ƙasa ake jera ta cikin 'yan layuka, kuma na sha ganin ma'aikaci ya ga sifiri a sama ya rufe taga da murna alhali reshe guda yana kwance a ƙarshen shafi.

In ka gano mai ciwon, repadmin /showrepl tare da sunanta zai nuna maka dalla-dalla. Kundin ba dunƙule ɗaya ba ne. A kamfani irin naku yawanci ɓangare 5 ne, na asusun mutane da kwamfutoci, na tsarin shiyyoyi, na ƙa'idojin bayanan kansu, da biyu na DNS, wato tsarin da ke juya sunan kwamfuta zuwa adireshinta, kuma kowanne yana da ranar ƙoƙarinsa na ƙarshe da ranar nasararsa ta ƙarshe da yawan gazawa a jere. Ranar nasara ta ƙarshe ita za ta gaya maka yaushe abin ya fara, daga nan sai ka tambayi kanka me aka taɓa a ranar: an sauya kamfanin intanet ne, ko an kawo sabuwar katangar tsaro, wato firewall mai tace abin da ke wucewa ta layi, ko an sauya wa saba adireshi? In ka ƙara alamar tauraro da /csv a umarnin, zai tattaro na dukkan sabobin a fasalin da Excel ke buɗewa. A da akwai wata manhaja mai taga da Microsoft ke bayarwa kyauta don wannan aiki, amma an janye ta a 2023, don haka gara hannu ya saba da umarnin.

Shawarata ta ƙarshe ita ce kada duban ya dogara da tunawarka. Tun Windows Server 2012 akwai umarnin PowerShell mai suna Get-ADReplicationPartnerMetadata da ke fitar da ranar nasara ta ƙarshe da adadin gazawa, da kuma Get-ADReplicationFailure. Ka sa Task Scheduler ya gudanar da su kowace safiya ya aiko maka da sakamakon ta imel, kuma ya aiko ko da komai lafiya, domin in ka tsara shi ya yi magana sai an sami matsala kawai, ranar da shi kansa ya mutu za ka ɗauki shirunsa a matsayin albishir.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aiki a wata makaranta mai zaman kanta da ke da harabar karatu biyu, ɗaya a Barnawa ɗaya a Malali. Na gudanar da repadmin sai na ga lamba 1722 a wani layi da 8524 a wani, kuma wata rana bayan an daɗe ba wuta na ga 1398. Na yi ta maimaita repadmin /syncall amma abin bai sauya ba. Me lambobin nan ke nufi? Daga wata mai karatu a Barnawa.

AMSA: Barka kadai, Malama. Umarnin /syncall cewa kawai yake yi a yi musayar yanzu maimakon anjima, ba ya gyara hanyar da ta lalace, kamar dai mai ƙara danna hon ne a bayan motar da ta mace. Ki ajiye shi sai bayan gyara, ki gwada da shi ko gyaran ya kama.

Lamba 8524 na nufin sabar ta kasa samo adireshin abokiyarta ta DNS, kuma da ita za ki fara, domin sau da yawa ita ce uwar 1722. Sabobin kundi ba da sunan da kika raɗa musu suke neman juna ba, da wata doguwar lamba ce ta musamman da ke rajiste a sashen DNS mai suna _msdcs, wadda za ki gani a saman rahoton /showrepl. Kuskuren da na fi cin karo da shi a ofisoshinmu shi ne wani ya zo gyaran intanet ya sa adireshin DNS na kamfanin intanet, ko 8.8.8.8 na Google, a katin sadarwar sabar. Shafukan intanet za su riƙa buɗewa lafiya, amma waɗancan masu amsa ba su taɓa jin labarin kundin makarantarku ba. Kowace sabar kundi ta nuna DNS na cikin gida kaɗai, ita da 'yar'uwarta, a bar wa DNS ɗin cikin gida aikin miƙa tambayoyin waje. Bayan kin gyara, ki sake tayar da hidimar Netlogon domin ta sake rajistar bayananta, sannan ki gudanar da dcdiag /test:dns /e ki karanta teburin da ke ƙarshensa.

Lamba 1722 kuwa cewa take an ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Musayar tana fara sallama ne a ƙofa ta 135, daga nan a tura ta wata ƙofa cikin waɗanda ke tsakanin 49152 da 65535 a Windows Server 2008 da na bayanta, ban da 53 ta DNS da 88 ta Kerberos da 389 ta LDAP da 445 ta fayiloli. Katangar tsaro tana iya barin ping ya wuce ta toshe waɗannan duka. Ki gwada da Test-NetConnection daga kowane ɓangare zuwa ɗayan, domin ana samun hanyar da ke buɗe daga Barnawa zuwa Malali amma a rufe in an juyo.

Ita 1398 maganar agogo ce. Kerberos, wanda da shi sabobin ke shaida wa juna ko su wane ne, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5. In ƙaramin batirin da ke kan allon saba ya mutu, duk lokacin da wuta ta yanke inbata ma ta ƙare, sai ta farka da kwanan wata na wata shekara. Ki sauya batirin, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma tarkon da ba a cika lura da shi ba: Windows Server ta Ingilishin Amurka tana zuwa da lokacin yammacin Amurka, sai mai girkawa ya gyara agogon da hannu ya yi daidai da na bango ba tare da ya sauya yankin lokaci zuwa na Afirka ta Yamma ba. A ido agogon daidai yake, amma a lissafin da sabobi ke yi ya kauce da awa 8 ko 9. Umarnin w32tm /monitor zai jera miki bambancin kowace saba, kuma ƙa'ida ita ce mai riƙe da PDC Emulator ta ɗauki lokaci daga amintaccen agogon intanet, sauran su bi ta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, muna da reshe a Kachia wanda aka rufe tsawon wata 7 bayan inbata ta ƙone, sabar kundin can kuma a kashe take tun lokacin. Yanzu an sa sola za a sake buɗewa, kuma shugabana ya ce in je in kunna ta kawai ta kamo abin da ya wuce ta. Akwai haɗari a hakan? Daga mai karatu a Unguwar Rimi.

AMSA: Tare da naka, Malam. Akwai haɗari, kuma na gode da ka tambaya kafin ka sa waya a jikinta. Maganar shugabanka za ta yi daidai da a ce makonni ne, amma wata 7 ya haura kwana 200, kuma a nan ne lissafin ya sauya.

Dalilin yana cikin yadda kundin ke goge abu. In ka goge asusu, ba ya ɓacewa nan take, domin in ya ɓace babu abin da za a kai wa sauran sabobi a ce musu su ma su goge. Abin da ake yi shi ne a tuɓe masa yawancin bayanansa a bar alama, kamar alamar da ake kafawa a kan kabari, sai alamar ta zaga duk sabobin ta sanar da mutuwarsa. Alamar tana da wa'adi, kuma wani mai shara da ke zagayawa kowace awa 12 yana kwashe waɗanda wa'adinsu ya cika. Wa'adin kwana 180 ne a kundin da aka kafa da sababbin nau'o'in Windows Server, amma kwana 60 ne kacal a wanda aka kafa tun zamanin Windows 2000 ko farkon 2003, kuma sauya sabobi da sababbi ba ya ɗaga shi da kansa. Wanda ya gaji tsohon kundi ya duba darajar tombstoneLifetime a ɓangaren tsarin shiyyoyi. In ya tarar ba a rubuta komai a wurin ba, to 60 ne.

Sabar Kachia ta wuce wa'adin ko wanne ne naku. Duk asusun da kuka goge a farkon rufewar reshen, ita ba ta ji labarin mutuwarsa ba, kuma alamar da za ta gaya mata an riga an share. A wurinta mutanen nan suna raye da ikonsu da ƙungiyoyinsu. Irin waɗannan fatalwowi su ne ke haddasa rahoto mai lamba 1988 a littafin aukuwa na Directory Service, inda saba mai tsantseni ke ƙin karɓa ta tsayar da musayar wannan ɓangare, ko kuma 1388, wanda ya fi muni, domin yana nufin an karɓi fatalwar an dawo da ita cikin masu rai. Windows tana da birki a kan wannan: in ta ga abokiyar musaya ta wuce wa'adi sai ta ƙi ta, ta rubuta rahoto 2042, repadmin kuma ya nuna 8614. Za ka sami masu ba da shawara a intanet cewa a sauya wani saiti a rajistar Windows domin a cire birkin. Saitin yana nan, kuma yana da wurin amfaninsa a hannun wanda ya riga ya share fatalwowin da repadmin /removelingeringobjects, amma ga reshe guda mai saba guda ban ga abin da za ka samu da ya kai kasadar ba.

Abin da zan yi in ni ne kai shi ne in kwashe duk fayilolin aiki da ke kanta ba tare da na haɗa ta da layin kamfani ba, sannan in goge ta in girka Windows sabuwa. A Kaduna kuma sai in goge sunanta daga rukunin Domain Controllers, wanda tun Windows Server 2008 yake haɗawa da share sauran bayananta, in bi DNS in tsince ragowar adireshinta, in kuma duba da netdom query fsmo ko tana riƙe da ɗaya daga muƙamai 5 na musamman, in ƙwace shi zuwa wata saba. Bayan gogewar ta isa ko'ina sai a ɗaga sabuwar ta zama sabar kundi. In layin Kachia ba shi da ƙarfi, ntdsutil yana iya haɗa maka kwafin kundin a faifai ka tafi da shi, sabuwar ta janyo abin da ya ƙaru kawai. Ka kulle faifan da kalmar sirri ka riƙe shi a jikinka, domin sirrin kowane ma'aikaci na ciki, kuma ka goge shi da zarar an gama.

Tunda reshen ya taɓa zama ba kowa har wata 7, ka yi tunanin sa masa irin sabar da ke karantawa kawai, wato RODC, wadda ba ta mayar da sauyi zuwa hedikwata kuma ba ta ajiye kalmar sirrin kowa sai waɗanda ka amince mata. Ka kuma lura cewa wa'adin nan ya shafi ajiyar kwafinka: kwafin da ya girmi wa'adin ba ya maido da kundi, ko da faifan lafiyarsa ƙalau.

TAMBAYA: Malam, ni repadmin ɗina fes yake, babu kuskure ko ɗaya, amma dokar Group Policy, wato saitin da kundin ke raba wa kwamfutoci, da na kafa ta hana amfani da filashi tana aiki a wasu kwamfutoci ba ta aiki a wasu. Haka kuma watan jiya na mayar da ɗaya daga sabobin zuwa hoton yanayinta na baya da na ɗauka mata a Hyper-V, manhajar da ke gudanar da saba a cikin wata kwamfuta, bayan wani sabuntawa ya ba da matsala. Ko akwai alaƙa? Daga mai karatu a Kawo.

AMSA: Malam, abu biyu ka kawo, kuma dukansu suna cikin abin da rahoton taƙaitawa ba ya gani. Dokar Group Policy rabi biyu ce: rabi yana cikin kundin, rabi kuma fayiloli ne a jakar SYSVOL, wadda wata hidima dabam mai suna DFSR ke kwafewa, kuma repadmin ba ya leƙa ta. Gwajin mai sauƙi ne: ka ajiye ƙaramin fayil a jakar NETLOGON ta saba ɗaya ka ga ko ya bayyana a sauran. In bai bayyana ba, ka buɗe littafin aukuwa na DFS Replication. Rahoto 2213 shi ne wanda ya fi damun mu a nan, domin yankewar wuta ba zato ke jawo shi: a wasu nau'o'in Windows Server, musamman 2008 R2 da 2012, hidimar tana tsayawa cak bayan irin wannan mutuwa har sai mutum ya ba ta izinin ci gaba, kuma umarnin da za ka rubuta yana cikin rahoton kansa. In aka bar ta haka fiye da kwana 60 sai ka ga 4012, daga nan kuma sai an sake daidaita jakar daga saba mai lafiya, bayan ka adana kwafinta. Wanda har yanzu tsohuwar hidimar FRS ke kwafe masa SYSVOL ya ƙaura da dfsrmig, domin Windows Server 2019 ba ta yarda ta zama sabar kundi a gidan da ke kan FRS.

Maganar hoton ta fi nauyi. Ka koma ga yaron rumfa: a ce ya rubuta har lamba 1000, Zariya ta kwafa, sai ya yage shafuka ya koma 900 ya ci gaba da sababbin rubuce-rubuce. Yaron Zariya zai zo ya ce ba ni abin da ya wuce 1000, a ce masa babu sabo, ya tafi hankalinsa kwance, alhali rubutu 100 sun wuce shi har abada. In Windows ta gano hakan tana rubuta 2095, ta dakatar da Netlogon, ta ƙi musaya, sai ka ga 8456 ko 8457, amma ba kullum take ganowa ba. Tun Windows Server 2012 an samar da kariya: in sabar da Hyper-V ɗin duka na wannan zamani ne ko na bayansa, sabar tana gane an mayar da ita baya, sai ta ɗauki sabuwar shaida ta buɗe sabon lissafi. Domin ka tabbatar, ka gudanar da repadmin /showutdvec a kan sabar da kuma abokan musayarta. In wata ta riƙe mata lambar da ta fi wadda ita take da ita a kanta, to an yage shafuka, kuma maganinta irin na sabar Kachia ne. Nan gaba ka riƙa ɗaukar ajiyar System State da Windows Server Backup maimakon dogaro da hoto.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, ba ni da kuɗin lasisin Windows Server, da Linux nake koyo. Ko abin da kake bayani ya shafe ni?

AMSA: Ya shafe ka sosai, ɗana. Tun fitowar Samba 4 a watan Disamba na 2012 ana iya kafa sabar kundi irin ta Active Directory a kan Linux, kuma umarnin samba-tool drs showrepl yana nuna maka abokan musaya da ranar nasara ta ƙarshe da adadin gazawa, kusan yadda repadmin ke yi. Bambancin da ya kamata ka riƙe shi ne Samba ba ta kwafe SYSVOL da kanta, kai ne za ka tsara hakan, yawanci da rsync daga saba ɗaya zuwa sauran. In kuma OpenLDAP kake koyo, ka tambayi kowace saba darajar contextCSN da ke tushen kundin ta hanyar ldapsearch ka kwatanta. Darajar tana farawa ne da kwanan wata da lokacin sauyi na ƙarshe, don haka wadda aka bari a baya za ta nuna kanta da ido, kuma saboda wannan ne agogon sabobin dole ya zama ɗaya.

Ka kafa na'urori biyu a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, a kan kwamfutarka, ka haɗa su kundi ɗaya, sannan ka katse katin sadarwar ɗaya ka buɗe asusu a ɗayar. Ka duba rahoton bayan minti 20, ka sake dubawa bayan awa guda, ka rubuta yadda adadin gazawa ke hawa alhali duk na'urorin biyu suna amsa masu shiga. Sai ka mayar da haɗin ka ƙirga mintunan da asusun zai ɗauka kafin ya bayyana a ɗaya gefen, daga nan kuma ka karkatar da agogon ɗaya da minti 10 ka ga wace lamba za ta fito maka.